Ku Tambaya Mu Amsa: A ina zan samo tarihin shagon kakana?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato neman tarihin kasuwancin gida, shi ya sa na haɗa su waje guda. Na ɗan rage tsawon wasu saboda fili.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne daga Fagge a Kano. Kakana wanda ya haifi babana ya yi harkar gyaɗa tun zamanin Turawa, daga baya ya koma sayar da atamfa da yadi a Kantin Kwari, har yanzu shagon yana hannun baffannina. Ina so in rubuta tarihinsa ko da ɗan littafi ne na cikin gida, amma na duba intanet har na gaji ko sunansa ban gani ba. A gida kuma kowa da abin da yake faɗa, wani ya ce shagon ya shekara 100 wani ya ce bai kai ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa Allah ya yi maka albarka da ka yi wannan tunanin, kuma kada rashin ganin sunan a intanet ya kashe maka gwiwa, ai dama ba za ka gan shi ba. Yawancin takardun da suka shafi kasuwancin Arewa na wancan lokaci har gobe suna cikin fayil a kan kanta, ba wanda ya ɗora su a kwamfuta. Abu na biyu da nake so ka riƙe tun yanzu, da wuya ka je wani ofis ka tarar da fayil ɗauke da sunan kakanka a bango. Turawa da ma'aikatan En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, harkar gabansu suke rubutawa, haraji da shari'a da fili da lasisi, to duk inda kakanka ya gitta ta cikin waɗannan nan ne za ka tsinci sunansa. Don haka tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ita ce, da wa ya yi hulɗa? Wane kamfani yake kai wa gyaɗa, wa ya ba shi filin shago, ya taɓa shiga kotu kan bashi, da ya rasu wane alƙali ya raba gado?

Amma kafin ka hau motar Kaduna, inda ma'adanar takardun tarihi take, fara da gida tukuna. Ka roƙi baffanninka su buɗe maka tsohuwar akwatin ƙarfen nan ko adakar da ke ɗakin tsohuwa, kusan kowane gidan 'yan kasuwa akwai irinta. Rasit, littafin bashi, takardar haraji, fasfon aikin hajji, tsohon littafin banki, kalandar da kamfani ya raba, wasiƙa da ajami, hatimin shago, ko da ambulan ne mara komai a ciki kar ka yar, domin tambarin gidan waya da ke kai yana ɗauke da kwanan wata da sunan gari. Ka duba irin kuɗin da aka rubuta. In ka ga fam da sule da kwabo to takardar ta riga 1 ga Janairu 1973, ranar da naira ta fara aiki, kuma a lokacin canjin fam ɗaya naira biyu ce, sule 20 ke yin fam, kwabo 12 ke yin sule. Wannan kaɗai zai raba maka takardun gida biyu kafin ka karanta komai.

Sai tsofaffi. Wannan shi ne na gaggawa wallahi, fayil ɗin Kaduna zai jira ka, tsohon da ya yi wa kakanka yaron shago ba lallai ya jira ba. Ka nemi wanda ya riƙe masa sikeli, direban da ya yi masa dakon buhuna, maƙwabcin shago, matansa in akwai mai rai, su mata sukan riƙe abin da maza suka manta, kamar shekarar da aka yi asara har aka sayar da gona. Kar ka tambaye su shekara da lamba, ba haka suke lissafi ba. Ka ce, Baba lokacin da aka buɗe shagon Sarki Alhaji na da rai? Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, ya rasu a 1953, Sarki Sanusi ya bar gadon sarauta a 1963, Sarauniyar Ingila ta zo Kano a 1956, an koma tuƙi ta hannun dama a 1972. Da irin waɗannan za ka daddale shekara. Ka ɗauki muryarsu a waya bayan ka nemi izini, ka rubuta ranar da kuka yi hirar da inda kuka zauna.

Maganar shekara 100 kuwa, ga abin da za ka auna ta da shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke daga kakar 1912, kamfanonin Turawa suka cika gari, su kuma ba su san ƙauyuka ba, sai suka dogara da fataken da suka riga suka san hanya da mutane, irin su Alhassan Ɗantata wanda ya fito daga fataucin goro na Gwanja ya rasu a 1955. A ƙarƙashin manyan akwai ɗaruruwan ƙananan masu saye da 'yan baranda da ake ba jari su shiga ƙauye. To yana yiwuwa harkar gidanku ta kai shekara 100 in an haɗa da zamanin gyaɗa. Amma shi shagon Kantin Kwari ka bincika sosai, domin wurin asalinsa unguwar kwarori ce, 'yan Lebanon da Siriya ne ke da kantunan, mutanenmu da yawa sun fara ne a matsayin yaransu ko masu kasa kaya a bakin kanti, sai bayan dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972 da ta 1977 shaguna da dama suka dawo hannun 'yan gida. Kuma a daidai wannan tsakanin ne gyaɗar ta durƙushe, ga farin farkon shekarun 1970 ga cutar da ta cinye gonaki a 1975, ka ga ba mamaki a nan ne kakanka ya juya zuwa atamfa. Ban ce haka aka yi ba, na ba ka abin da za ka je ka gwada ne da takarda da bakin tsofaffi.

Yanzu sai wuraren zuwa. Na farko Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon a Kaduna, ita ke riƙe da takardun tsohuwar Jihar Arewa. An jera su ne bisa ofishin da ya rubuta su, na lardin Kano ana kiransu KANPROF, na Sakkwato SOKPROF, na Zariya ZARPROF, na babbar sakatariyar lardunan Arewa kuma SNP. Za a ba ka littafin jerin fayiloli, kai za ka zauna ka bi shi layi-layi ka rubuta lambar wanda kake so a ɗauko maka. Kar ka nemi sunan mutum a jerin nan, nemi kan magana: cinikin gyaɗa, wuraren awo, filayen kanti, lasisin saye, kasuwanni, rahoton shekara na Razdan (Baturen da ke mulkin lardi), rahoton ƙiyasin haraji na gundumar da kakanka ke sayen kaya. Irin rahoton ƙiyasin nan Di'o, wato Baturen mulki da ke ƙarƙashin Razdan, shi ke zagaya gunduma ya rubuta yawan mutane da sana'o'insu da abin da ake sayarwa a kasuwa har da farashi, ko ba ka ga sunan kakanka ba za ka ga duniyar da ya yi ciniki a cikinta. Daga 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 ta koma hukumar ciniki ta Jihar Arewa, ita ke ba manyan masu saye lasisi, waɗanda ake ce wa elbiye, har zuwa 1986 da aka rushe hukumomin. In kakanka ya taɓa riƙe lasisin ko ya yi aiki ƙarƙashin mai riƙe da shi, to ka bi takardun hukumar da Gazet ɗin gwamnatin Arewa.

Ka kula da yadda Bature ke rubuta suna. Muhammadu zai iya zama Momadu ko Mohamadu, Ɗantata a raba shi biyu, Alhaji a rubuta shi iri uku a fayil ɗaya. Kuma mutum a kasuwa da laƙabinsa aka san shi, Mai Goro ko Na-Bakin-Kasuwa ko sunan garinsu, ka tafi da duk sunayen da ake kiransa a rubuce. Haka kamfanonin, wanda tsofaffi ke ce wa Janhol a takarda John Holt ne, sannan ga G.B. Ollivant da Paterson Zochonis da na Faransawa CFAO da SCOA, shi kuma kamfanin Neja a 1929 ya haɗe da wani ya zama UAC, don haka kafin wannan shekarar kar ka nemi UAC. Takardun UAC ɗin ma suna Ingila a ma'adanar kamfanin Unilever da ke Port Sunlight kusa da Liverpool, ana iya aika masu tambaya ta imel, amma wannan sai ka gama da na gida.

Kana Kaduna kar ka dawo ba ka shiga Gidan Arewa ba, tsohon gidan Sardauna da ke titin Rabah, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970, yanzu kuma yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Can da laburaren Kashim Ibrahim na Zariya nan ne za ka nemi tsofaffin jaridu. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairun 1939, Nigerian Citizen a 1948, New Nigerian a 1966. Ni a ganina jarida ta fi komai daɗin bincike a wannan harka, saboda talla. Ɗan kasuwa zai sa tallan kantinsa da adireshi da lambar akwatin gidan waya da irin kayan da ya sauke, wani ya sa gaisuwar sallah ko taya sarki murna, ga sanarwar gobara da gwanjo da ta'aziyya. Aikin akwai cin rai, shafi-shafi za ka bi ba wani injin nema, shi ya sa nake cewa ka fara samo shekarun daga gida don ka san wace shekara za ka ce a ɗauko maka.

A Kano ɗin kanta akwai Gidan Ɗan Hausa inda Hukumar Tarihi da Al'adu take, suna da takardun En'e, sai laburaren Murtala Muhammed, sai sashen tarihi na Jami'ar Bayero. Wannan na ƙarshen mutane suna raina shi alhali akwai dukiya a ciki: kundayen da ɗalibai suka rubuta na kammala digiri tun shekaru aru-aru, kan Kantin Kwari da Kurmi da 'yan goro da masana'antun Bompai, da yawansu sun yi hira da dattawan da yau ba sa duniya, kuma a ƙarshen kundin akwai sunayen waɗanda aka zanta da su. Ba abin mamaki ba ne ka ga kakanka da kansa a ciki. Batun fili kuma ma'aikatar ƙasa da safiyo, fayil ɗin fuloti yana nuna hannun da ya bi daga na farko zuwa na yanzu, sai dai ba za su buɗe wa kowa ba, ka tafi da baffanka mai riƙe da takardar. Hukumar rajistar kamfanoni CAC a 1990 aka kafa ta amma ta gaji rajistar da aka yi kafin ita, kana iya buga sunan kamfani a shafinta ka gani ko yana nan. In ba ka gani ba kar ka damu, akasarin 'yan kasuwarmu na da ba su yi rajista ba, amana ce jarinsu. Ka tafi ko'ina da katin shaida da takardar gabatarwa daga makarantarku, ka kuma girmama ma'aikatan wurin, tsohon ma'aikacin da ya daɗe yana ɗauko fayil ya san abin da babu a littafin jeri.

Tambaya: Malam ni kakata ce 'yar kasuwar, a Katsina. Daga cikin gida take yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ta yi dillancin kayan ɗaki, da kuɗinta ta je Makka ta kuma sayi gidaje biyu. Irin wannan ma ana samun tarihinsa a takarda? Ko sai masu kanti?

Amsa: Hajiya wannan tambayar ta faranta min rai, domin rabin kasuwancin ƙasar Hausa a cikin gidaje aka yi shi kuma shi ne aka fi mantawa. Gaskiyar magana takarda ba ta yi wa mata adalci ba, mai ƙiyasin haraji namiji ne baƙo, iyakarsa zaure. Za ki ga an ambaci kaɗi da saƙa da man gyaɗa a dunƙule, ba suna. Amma akwai ƙofa biyu. Ta farko gidajen nan da ta saya, ciniki irin wannan ana yinsa gaban mai unguwa da shaidu, sau da yawa akwai takarda da ajami ko Larabci, ki tambaya wa ke riƙe da ita. Ta biyu rabon gado. In a kotu aka raba, alƙali yakan sa a lissafa duk abin da mamaci ya bari, gida da zinare da tasoshi da bashin da ake binsa da wanda yake bi, wannan lissafin shi ne hoton jarinta a ranar da ta rasu. Ki sa wani namiji babba cikin magada ya raka ki kotun da aka yi rabon a nemi tsohon littafin.

Sauran kuma a bakin mata yake. Ki nemi waɗanda suka yi mata talla suna yara, yanzu su ma sun zama kakanni, su za su gaya miki nawa ake sayar da kwalba, wace unguwa suke kaiwa, wa ke kawo mata gyaɗa daga ƙauye, da su wa take adashi kuma nawa ake zubi. Kayan da ta bari ma shaida ne, fasfon hajjinta zai ba ki shekara. In kin tashi duba takardun Kaduna don sanin yanayin garin a lokacin, ki sani Katsina ba ta zama lardi mai zaman kanta ba sai 1934, kafin nan ta zauna ƙarƙashin Zariya, can baya kuma Kano, to na shekarun farko a fayilolin waɗancan lardunan za ki neme su.

Tambaya: Daga Maraɗi nake rubutowa. Kakanmu fataucin goro ya yi tsakanin Kumasi da Kano da nan, an ce har yana da gida da iyali a zangon Kumasi. Ƙasa uku ke nan, wacce zan nufa?

Amsa: Malam ka fara da inda ya fi kusa da kai, ma'adanar takardun ƙasa da ke Yamai, a nemi rahotannin da kwamandojin Faransa suka rubuta kan yankin Maraɗi da na kwastan na kan iyaka, da Faransanci suke. Tunda a zamanin mulkin mallaka Nijar tana cikin tarayyar Afirka ta Yamma ta Faransa mai hedkwata a Dakar, wasu takardun suna can Senegal, wasu a Aix-en-Provence a Faransa. Na Gana kuma hukumar adana takardunsu tana da ofis a Akra da Kumasi da Tamale. Amma in ni ne kai, kuɗin motar da zan kashe zangon Kumasi zan nufa kafin kowane ofis. Bafatake ba ya sauka sai a gidan fatoma, shi ke ba shi masauki ya ajiye masa kaya ya tsaya masa a ciniki, kuma gidajen fatomomin nan jikokinsu suna nan sun san baƙin kakanninsu gida-gida. Ka bi ta wajen sarkin zango da limamai. Ka riƙe shekarar 1969 a ranka, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda, Hausawa da yawa sun baro dukiya da iyali a wannan shekarar, in an ce kakanku ya dawo ba shiri to ka tambaya ko a nan ne. A Kano kuma ka leƙa wajen dattawan 'yan goro na Mariri.

Tambaya: Mun sami littattafan bashi na mahaifinmu a sito, gara ta fara ci, wasu shafukan sun manne. Ƙanina ya ce a kai a yi masu laminatin. Ya dace?

Amsa: A'a don Allah kar ku yi. Zafin injin da gam ɗin robar suna lalata tsohuwar takarda kuma in an rufe ba a iya cirewa. Kar a sa salatif, kar a fizge shafin da ya manne, a bar shi a nemi wanda ya san aikin a gidan adana takardu. Ku fitar da su daga siton yau ɗin nan, a kakkaɓe da burushi mai laushi a inuwa, kar a shanya a rana. Sannan a ɗauki hoton kowane shafi da waya, da hasken rana ba filashi, bi da bi tun daga bango, har shafin da ba komai, a tura wa mutum biyu ko uku cikin dangi kar ya zauna a waya ɗaya. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ba kaya kaɗai ta ci ba, duk wanda littattafansa ke cikin shago sun tafi, saboda haka asalin takardun a kai su gida, a sa a kwali mai tsabta a ɗora a sama nesa da bango da danshi, kar a ƙulle su a leda.

Abu ɗaya kuma, littafin bashi sunayen mutane ne a ciki, wasu 'ya'yansu suna raye a unguwa. Ku yi amfani da shi ku san irin kayan da ake saye da farashi da garuruwan da abokan ciniki ke fitowa, amma kar a ɗora hoton shafin a Facebook da sunan wanda ake bi. In kuma akwai bashin da ba a warware ba ta kowane ɓangare, wannan magana ce ta magada da malamai, a kai masu kafin a ci gaba da rubutun tarihi.